Abin da ke Ƙara a Motar 'Yar Sifana

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta jin magani. Yaya kunne? Shekaranjiya na kira ka, ka ɗauka kana ta "waye, waye", ni kuma ina ta ɗaga murya a barandar asibiti har masu jinya suka fara leƙowa. To na sallama wa waya. Mu koma takardarmu, ko da yake tun rasuwar matarka Inna, takardarka ba ta wuce layi biyu: kana lafiya, in riƙe mutunci. Na riƙe, Kawu, har hannu ya gaji.

Ni ƙalau nake, sai aiki. Daga ɗakin gwajin jini zuwa ɗakina, daga ɗakina zuwa ɗakin gwajin jini, iyakar duniyar tawa ke nan.

Albishirinka, na sayi mota. Tsaya, kada ka fara faɗa tukuna. Ta hannu ce, ruwan toka, ta kwana biyu a duniya amma ba ta sunkuya ba. Wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya sayar min, mai 'ya'ya da yawa, don har yanzu kujerar baya tana da tabon alewa. Ba don gayu na saya ba. Hutuna na shekara ya kusa, kuma so nake in zo da kaina in ɗauke ka, ka zauna a gidan gaba kana kushe tuƙina har mu zaga gari mu dawo.

Sai dai tana da abu biyu da suka hana ni sakewa. Na farko allurar zafi. In ina kan buɗaɗɗiyar hanya tana zaune a tsakiya kamar mutuniyar kirki. Da na shiga cunkoson bakin kasuwa sai ta fara hawa, zuciyata tana hawa tare da ita, ba ta saukowa sai hanya ta buɗe. Na biyu wata ƙara ce a cikin dashbod. Ba kullum ba, sai na hau gargada ko na sha kwana.

Na kai ta wurin wani bakanike a bayan layinmu. Ko bonet bai buɗe ba ya ce sai an sauke inji. Na tuna maganarka, cewa wanda ya yanke wa mota hukunci bai buɗe bonet ba jakar mai motar ya duba, sai na yi masa godiya na ja abata.

Don haka ga mara lafiya na kawo maka a takarda. Na san ka rufe gareji, amma ai ba ka rufe kai ba. A gaida mai shagon ƙofar gida da ke karɓo maka wasiƙa.

'Yarka,
'Yar Sifana

*

'Yar Sifana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a bencin ƙofar gida, na sake karantawa a ɗaki. Gwiwa tana nan da halinta. Wato kin sayi mota ba ki tambaye ni ba. Yarinyar da ta tashi tana miƙo min sifana tun ba ta kai tsayin taya ba, ita ce ta je ta sayi tsohuwar mota kamar mai sayen tumatir. To, aikin gama ya gama. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Ki rubuto min irinta da lambar injinta.

Kafin komai, kada ki kuskura ki buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Kin san tabon da ke hannuna na dama, ba ado ba ne. Da safe, tun ba ki tayar da ita ba, ki buɗe ki ga ko ruwa ya cika. Ki duba robar murfin, in ta tsage a canza shi. Ki leƙa ƙarƙashin motar ki ga ko ta yi fitsari a inda ta kwana.

Amma ni zargina yana kan fanka. Motar da ke sanyi a guje ta yi zafi a tsaye, iskar hanya ce ke yi mata fifita, nata mai fifitar ya yi barci. Ki tayar da ita a inuwa, ki buɗe bonet, ki zuba wa fanka ido, hannunki da gyalenki nesa da ita. In allura ta wuce tsakiya fanka ba ta juya ba, ki kashe, kin kama ɓarawo. Mai wayarin za ki nema, ba mai sauke inji ba, ya duba fiyus da wayar da ke shiga fankar.

Sai tambaya uku, ki amsa min kawai, ba sai kin san dalili ba. Bayan inji ya ɗumama, salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri? In kin zaro sandar duba mai, man yana nan baƙi ko ya koma kamar shayi da madara? Ruwan lagireto yana raguwa alhali babu inda yake ɗiga? Abin da kika gani za ki faɗa min, kada ki ƙara kada ki rage. Kin san halina. Mota ba ta ƙarya, mai ita ke yi, kuma wanda ya yi min ƙarya a kan motarsa bai taɓa shigo min gareji sau biyu ba. Kin tuna mai farar motar nan da ya rantse bai taɓa barinta ta tafasa ba, ga murfi ya narke? Har ya mutu muna gaisawa, amma ban sake taɓa masa ko noti ba.

Maganar dashbod kuwa, kin ce "wata ƙara". Wannan ai ba bayani ba ne. Ƙarfe ne ke bugun ƙarfe, ko roba ke gugar roba, ko wani abu ke gangarawa? Ki kwashe tarkacen aljihun gaba tukuna. Sannan ki samu hanya mai gargada inda babu mutane, ki riƙa danna tafin hannu wuri-wuri. Inda kika danna ta yi shiru, nan take. Ki rubuto min ita yadda kunnenki ya ji ta. Da can tun daga kan kwana nake jin mota in faɗi ciwonta kafin ta tsaya. Yanzu sai dai ki ara min naki.

Kin tambayi kunne, ba zan ɓoye miki ba. Na hagu ya tafi, likita ya ce na dama yana bin sa, kuma ba a san ranar da zai rufe ba. In mutum ya matso ya ɗaga murya ina kamawa. Don haka hutun nan naki kada ki bari komai ya taɓa shi. Ki zo tun ƙofa tana buɗe, ina so in ƙara jin muryar nan taki da ta ɗauko ta uwarki.

Kawunki

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Shafi uku! Sai da na juya ambulan na duba ko ba daga gare ka ba ne. Na karanta a wurin aiki, na karanta a mota, na zo ɗaki na karanta wa bango. Maganar kunne kuma ta tsaya min a rai. Hutu yana nan, ba mai taɓa shi in sha Allahu.

Ga rahoto, lambar injin tana bayan takardar. Ruwa a cike, murfi lafiya, ba ta fitsarin kwance. Tambayoyinka uku kuma duk a'a: ba hayaƙi, mai baƙi ƙirin, ruwa bai ragu ba. Ranar da ba ni da aiki na kai ta ƙarƙashin bishiyar bayan gidanmu, na ɗaure gyale a ƙugu, na tsaya ina kallon fanka kamar mai jiran baƙo. Allura ta hau, ta wuce tsakiya, fanka ko gezau. Wallahi sai da na yi tsalle, na waiga in gaya wa wani, babu kowa sai kyanwar maƙwabta. Mai wayarin ya samu wayar ta yi tsatsa ta saki. Ya kankare ya ɗaure, fanka ta tashi da ƙarfinta. Jiya na shiga cunkoson kasuwa da gangan, allura ba ta motsa ba.

Ƙarar ce ta gagara. Na kwashe aljihun gaba, na samu cokali ɗaya da rabin mataji. Na danna ko'ina har hannuna ya yi ciwo, ba ta yi shiru ba. Ba ƙarfe ba ne. In na sha kwana tana yin "kurrr" daga dama zuwa hagu, sai ta ce "tak" ta tsaya. A gargada kuma "tak-tak-tak", kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

Kawu, garin nan kowa da nasa. Abokan aiki mutanen kirki ne, amma ana tashi kowa sai ya kama gabansa, wannan za ta ɗauko yara, wancan matarsa na jira. Ni in na hau bene na buɗe ƙofa, takalmin da na bari da safe shi ke tarbata. Wani lokaci ina dafa abin mutum biyu don mantuwa. Akwai ranar da na wuni ban yi magana da kowa ba, sai da yamma na ce "wash", na ji muryata kamar ta wata. Ba ƙorafi nake ba, hira ce. Ka ba ni labarin gida. Itacen lemon Inna yana nan? Wa ke yi maka wanki?

'Yarka,
'Yar Sifana

*

'Yar Sifana,

Na samu takardarki, ina lafiya. Madalla da fanka, aiki ya yi kyau. Ƙarar wani abu ne ya faɗa ramin iska, ba ta da illa. Ki riƙe mutunci.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kunne? Na ga takardarka, mun koma gidan jiya ke nan. Na tambayi lemo, na tambayi wanki, ko ɗaya ba ka amsa ba. Ba komai.

To ga sabuwa, motar ta sake tasowa da wani abu. Tambayoyin nan uku da ka yi min kwanaki, ina ga na yi saurin cewa a'a. Yanzu in ta ɗumama ina ganin farin hayaƙi a baya, mai kauri kuwa. Na zaro sandar mai, launinsa ya canza, ya yi shayi-shayi. Ruwa ma kamar yana raguwa, ina ƙarawa da safe, kuma ban ga inda yake zuba ba. Ban nuna wa kowa ba, don kai nake so ka duba min. Ka yi min bayani dalla-dalla yadda ka yi wancan karon, me zan fara dubawa, me zai biyo baya. Kada ka taƙaita, ina da lokacin karatu.

Hutu saura ƙiris. Na saya maka hular sanyi da man gwiwa, suna kan kujerar baya tun yanzu don kada in manta.

'Yarka,
'Yar Sifana

*

Na karanta abin da kika rubuto. Ki ajiye makullin motar nan. Kada ki kamo hanya. Kada ki sake ce min komai a kanta sai kin ji daga gare ni.

Kawunki

*

'Yar Sifana,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Kullum in mai shago ya dawo daga gidan waya ina kallon hannunsa, shi kuma ya girgiza min kai tun daga nesa. Lokacin hutunki ya zo ya wuce. Ni na ɗauka za ki bar motar ki hau ta haya. Na share ɗakin Inna, na shanya katifa, na zauna a benci ina duban duk motar hayar da ta tsaya a bakin titi. Na sa mai shago ya kira ki, ya ce ba kya ɗauka. Har na fara tunanin ko kin ƙi jin magana kin taso da ita ta mutu miki a daji.

Ga abin da ya sa na ce ki ajiye makulli. Abubuwan nan uku in suka haɗu, gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke raba ruwa da mai da wuta. Motar da ke haka in kika ɗora ta a doguwar hanya, injin zai kama miki a inda ba gida gaba ba gida baya. Da na karanta takardarki tsoro ya kama ni. Mai shago yana shirin tafiya gidan waya, na rubuta abin da ya fi gaggawa na miƙa masa.

Ban yarda da gaskit ɗin da za a sayar miki a can ba, na bogi ya yi yawa. Na ciro rigar aiki daga ƙasan akwati, ta yi min yawa yanzu, na shiga kasuwar kayan mota. Rabona da wurin tun kafin ciwon Inna. Rabin mutanen da na sani sun mutu, 'ya'yansu ne a shagunan, suna yi min magana ina kallon bakinsu. Na yi ta sintiri ban samu ba. Rannan wani mai babur ya kusa kwashe ni, ya ce ya yi ta hon. Ina jin ya yi ɗin, ni ne ban ji ba. Ƙarshe na samu na asali wurin wani tsoho da muka yi koyon aiki tare, a ƙasan kaya, ko buɗe takardarsa ba a yi ba. Shi ne wannan da na ɗaure tsakanin kwali biyu. Kada ki lanƙwasa shi.

Ki nemi bakanike mai furfura, ki tsaya a kansa. A kai kan injin a duba ko ya karkace kafin a ɗora sabo. Wajen ɗauri a fara daga tsakiya a yi waje, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, ba a ɗaure noti ɗaya tamau a koma na gaba ba. A zubar da man nan gaba ɗaya. In ya ce miki duk wannan ɓata lokaci ne, ki ɗauki gaskit ɗinki ki yi gaba.

Lemon Inna yana nan, ya yi 'ya'ya bana babu mai tsinka. Wanki ni nake yi. Kunne kuma, kwanan nan in mai shago zai yi min magana sai ya rubuta a bayan kwali.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaishe ka ba. Saƙonka ya iso. Na kwance igiyar, na ga abin da ke tsakanin kwalayen, na zauna a ƙasa na yi kukan da rabona da irinsa tun ranar Inna.

Kawu, motar lafiyarta ƙalau. Babu hayaƙi, mai baƙi ne, ruwa ko cokali bai ragu ba. Ƙarya na yi maka. Da fanka ta lalace ka rubuto min shafi uku, har da tsokana, har da zancen uwata. Da ta gyaru ka koma layi biyu. Sai na ce bari in sake lalata ta a takarda in samu wasu shafukan kafin hutu. Na ɗauko tambayoyinka na mayar da a'a ta koma e. Wallahi na ɗauka ƙananan abubuwa ne irin su murfi da waya. Ban san mutuwar inji na rubuta maka ba.

Da gajeriyar takardarka ta zo, ba sallama, ba 'Yar Sifana, sai "kada ki kamo hanya", ni ban ga tsoro a ciki ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce shi ke nan, Kawu ya gano ni, na zama mai farar mota, an kore ni daga gareji. Kiran mai shago ina gani, kunya ta hana ni ɗauka. Hutun kuma, wani abokin aikina matarsa ta kusa haihuwa yana ta neman mai musaya da shi, sai na ba shi nawa. Ya riga ya cinye, ba halin karɓowa. Duk kwanakin da kake zaune a benci kana duban motocin haya, ina nan ina ɗiban jinin mutane, hular sanyinka tana kujerar baya.

Ka ce in zo tun ƙofa tana buɗe. Na karanta maganar mai shago da bayan kwali, na gane abin da na yi. Wannan ba ni da bakin ba ka haƙuri a kansa.

Tunda yau ranar gaskiya ce, ga sauran. Ƙarar dashbod na daɗe da gano ta, kuma yadda ka ce ne. Na cire murfin ramin iska na dama, na sa yatsa, na zaro wani ɗan ƙwallon gilashi shuɗi na wasan yara, ina jin na 'ya'yan malamin nan ne. Washegari na tafi aiki mota shiru, na dawo shiru, na hau bene na tarar da ɗaki shiru. Da safe na mayar da shi inda na same shi. In na sha kwana ya gangaro ya ce "tak", ni kuma in ce masa "na ji". Ka yi dariya in kana so. A garin nan shi kaɗai ke yi min magana ba don aiki ba.

Na je wurin shugabarmu na gaya mata komai, har da ƙaryar. Ta ce za ta haɗa min 'yan kwanaki a ƙarshen wata, ba yawa, hanya ma za ta ci rabi. Ban sani ba ko har yanzu ina da wuri a garejin. In ka ce in zo, zan zo. In ka yi shiru, na fahimta.

'Yarka, in ka yarda,
'Yar Sifana

*

'Yar Sifana,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Gwiwa ta ɗan saki tun da na yi yawon kasuwa, ashe zama ne ke cin ta.

Na karanta. Na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin matashi, na wuni ban ci abinci ba. Kin sa tsoho yana yawo a rana neman maganin mara lafiyar da ke tsaye da ƙafarta. Da a gabana kike da kin sha ranƙwashi, girmanki bai hana ba.

Amma da na huce na yi wa kaina tambayar da nake yi wa masu mota: kafin ta fara, me ka yi mata? Kin rubuto min kina dafa abin mutum biyu, kina wuni ba ki yi magana da kowa ba, na amsa miki da madalla da fanka. Ni bakanike ne, in ba a kawo min abin da ya lalace ba ban san me zan ce ba. Innarki ce mai hira, ni nawa in ce "haka ne". Mai farar mota ya yi ƙarya ne don kada a ga sakacinsa. Ke taki ƙaryar ta sa na sa rigar aiki, na ga tsohon abokina, muka zauna muna rubuta wa juna zagi a bayan kwali. Ba layinku ɗaya ba.

Kunne ya rufe. Gara ki sani tun kafin ki iso, kada ki tsaya a ƙofa kina sallama ki ga ban waigo ba. Ba ke kika rufe shi ba, lokacinsa ne ya yi, ko da yake da kin zo da na samu rabona. Wannan ya wuce, kada mu sake tayar da shi.

Sai dai akwai dabara. Kin tuna doguwar sukudirebar nan mai jan mariƙi, da nake ɗora bakinta a jikin inji in manna mariƙin a ƙashin bayan kunnena? Shekaranjiya na ɗauko ta na ɗora a jikin firij, na ji shi yana gurnani. Na ɗora a agogon bango, na ji shi, can nesa, amma na ji. Mai shago ya leƙo ya gan ni, ya ɗauka na taɓu. Ban sani ba ko tana ɗauko muryar mutum. Za mu gwada. Ki kafa haɓarki a kan tebur ki yi ta surutunki, ni in ɗora a ɗaya gefen. In ta ɗauko, to. In ba ta ɗauko ba, kin dai yi magana da mutum.

Ki taso da safe. Ki duba ruwa tun inji yana sanyi, ki riƙa kallon allura a hawan tudu. Gaskit ɗin ki zo min da shi in rataye a ƙusa. Nan gaba in shiru ya yi miki yawa, ki rubuto ki ce Kawu shiru ya yi yawa, ba sai kin ƙona min inji a takarda ba.

Ƙwallon nan kuma kada ki cire shi. Zan zauna a gidan gaba da sukudirebata, ki nemo mana hanya mai kwana da yawa.

Kawunki